Ganyen da Baba Ya Miƙo Mini

Litinin, 3 ga Fabrairu, ƙarfe shida na safe

Kwana tara ke nan. Yau ma kofi biyu na zuba shayi, na sha ɗaya, ɗayan ya huce na zubar a kwata.

Matata Mboni ta ce za ta kai 'yarmu Aika garinsu Muheza ta ga kakarta, su yi kwana uku su dawo. Ni ma na gyaɗa kai kamar na yarda, har na ɗauki kaya na raka su tasha. Amma mai zuwa kwana uku ba ta kwance kan keken ɗinkinta ta naɗe a zane ta tafi da shi. Na gani, ta ga na gani.

Littafin nan na saye shi ne don rubuta lambobin masu kawo mini gyaran firji. Ga abin da ya koma.

Talata, 4 ga Fabrairu, da azahar

Kibwana dillali ya same ni a shago, kaina cikin wata tsohuwar firji.

"Baban Aika, lafiya kuwa? Ina ta kira kamar mai bin ka bashi."

"Aiki ne ya yi yawa."

"Aiki? Ku mutanen Moshi na san ku. Ko gawarku aka jefa wa kuɗi a ƙasa sai ta miƙe ta ɗauka. Jan rai kake yi a rage maka, to babu ragi. Mai gidan nan na unguwar Goba ya ce ya ba ku zuwa ƙarshen wata, akwai wani malamin makaranta da ke zarya. Ina Madam? Ita ce mai idon gida, kai dai ɗan rakiya ne."

Na ce ta yi tafiya. Ya dube ni, ya dubi wuyan rigata, ya ce, "To Allah ya dawo da ita lafiya, don na ga alamar guga ma ta bi ta."

Gaskiyarsa, ɗan rakiya ne ni. Wata takwas muka yi muna yawon duba gidaje, kuma duk dabarar tata ce. Ba ta zuwa ganin gida sai an kwana ana ruwa, ta tsuguna ta duba inda laima ta tsaya a jikin bango. Ba ta sauraron dillali, wajen matan da ke layin famfo take zuwa ta sha labari. Da haka ta soke na Kigamboni, ta ce ba za ta ƙare rayuwarta tana jiran jirgin fito ba. Ta soke na Mbagala saboda wata tsohuwa ta nuna mata inda ruwa ya kai bara, daidai ƙugunta. Na Goba kuwa ba ta same shi da aibi ba. Ta tsaya a ɗakin da ke fuskantar titi ta auna taga da kamun hannu, na san keke take ajiyewa a ranta. Aika kuma ta riga ta gano makarantar da ke bayan katanga, tana leƙen yara ta ramin bulo.

Wannan a watan Nuwamba ne, lokacin Mboni tana da ciki, tana tafiya da hannu ɗaya a bayanta.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, da yamma

Na kira. Mamanta ce ta ɗauka, ta ce Mboni tana wanka. Jiya ma wanka take yi. Da alama ruwan Muheza ya yi araha.

An ba ni Aika. Ta ce, "Baba, kaza ta bi ni." Na ce me kika yi mata? Ta ce, "Na taɓa ɗanta." Daga nan ta ajiye wayar a ƙasa ta tafi, na yi minti huɗu ina sauraron tsakar gidan surukaina. Na ji ana kankare kwakwa, na ji tari guda ɗaya da na sani. Ban kashe ba sai da katin ya ƙare.

Asabar, 8 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe

Bari in rubuta shi sau ɗaya, ko zai bar ni in yi aiki.

Mun hau dutse, can garinmu Moshi, a Disamba kamar kowace shekara, don duk Bachagge ɗan ƙabilarmu da ya san kansa a gida yake Kirsimeti. Abin da ya faru da cikin ya faru. Kwana uku bayan haka Baba ya kira ni bayan ɗakin saniya. Ya tsinko ganyen isale daga shinge, ya ƙulla shi a hankali, ya miƙo mini da hannu biyu.

Ya ce, "Sante, ƙarfina ya ƙare. Kai ne auta, kihamba, gonar gadonmu, taka ce. Ka dawo da iyalinka gida kafin wata Kirsimetin."

Ba a mayar da isale. Tun ina yaro na ga mutanen da suka yi shekara goma ba sa gaisawa saboda iyakar gona, aka kawo ganyen nan, magana ta mutu a wurin. Uba kuma, mai shekara saba'in da takwas, tsaye a gonar ayabar da kakansa ya dasa. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya karɓa.

Na sa shi a cikin Littafi Mai Tsarki, muka dawo birnin Dar, na ci gaba da amsa wayar Kibwana kamar babu komai. Na ce zan gaya mata idan ta ƙara jin ƙarfi. Mako ya bi mako. Ranar da ta buɗe littafin ganyen ya faɗo, ba ni ta tambaya ba, Yaya Manka ta tambaya, ita kuwa Yaya bakinta ba ya riƙe ko ruwan sanyi.

Mboni ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ashe ka riga ka saya mana gida." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, bayan coci

Na zauna a bencinmu. Wurin ya yi mini yawa.

Laraba, 12 ga Fabrairu, ƙarfe ɗaya na rana

Yaya Manka ta aiko in je gidanta a Kimara in ci mtori, faten ayaba da nama. Na san ba don ciyar da ni ba ne, amma kwana nawa ina cin burodi, na tafi.

Ban kai cokali na uku ba ta fara. "Kai dai Elisante tun kana ƙarami haka kake, sai ka fasa tulu ka zauna a kan gutsattsarin kana murmushi. Ni na san ba ka gaya mata ba? Ce mini aka yi ganye, na ce ganye."

"Ban ce laifinki ba ne, Yaya."

"Fuskarka ta ce. To ka saurare ni. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kabarin Mama yana can, na kakanni yana can. Idan ba ka koma ba ɗan Baba Ƙarami ne zai shige, ya sare itatuwan kofi ya kafa ɗakunan haya. A Goba wa ka sani? Wa zai binne ka a Goba, Kibwana?"

Na ce ita ma ai shekararta ashirin a Dar.

"Ni mace ce, ba a ba ni ganye ba." Ta ƙara mini nama a kwano kamar mai jifa. Can ta sassauta murya ta ce, "Ita yarinyar tana cin abinci kuwa?"

Na ce ban sani ba. Wannan ne ya fi ci mini rai duk yinin, a ce matata ce kuma ban san ko tana cin abinci ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, da safe

Baba ya kira, bai tambayi komai ba. Ya ce an yi yayyafi, saniya ta kusa haihuwa, magudanar ruwan da ke bi ta gonarmu ta toshe ya gyara da kansa. Ina jin ruwan yana gudu a bayan muryarsa. Na rufe ido a cikin zafin shagon nan, sai ga sanyin safiyar can a fatata, da ƙanshin hayaƙin itacen kofi, da yadda rana ba ta isowa ƙasa sai ta tace ta cikin ganyen ayaba.

Ban taɓa gaya wa Mboni cewa kusan kullum sai na yi wannan rufe idon ba.

Jumma'a, 14 ga Fabrairu, da yamma

Na hau daladala, motar haya ta cikin gari, ba tare da niyya ba, sai ga ni a Goba. Na tsaya a tsallaken titi kamar ɓarawo. Yara sun taso daga makaranta, wata mata tana soya rogo a bakin kwana, makanikin babur yana faɗa da wani a kan ƙusa. Unguwa ce mai rai, ba ƙarya. Mota ɗaya zuwa shagona, asibiti kusa, ruwa yana zuwa sau uku a mako. Duk abin da Mboni ta lissafa yana nan.

Na yi ƙoƙarin ganin kaina tsoho a ƙofar gidan, na kasa. Ita na gani, da tabarau a hanci tana zura zare, na ga Aika ta girma tana shigowa da jaka. Ni ne dai ban fito a hoton ba, ban san dalili ba.

A gida kuwa akwatin kayan jariri yana nan a kan kabad inda ta bar shi. Ƙananan riguna shida ta ɗinka, da hula. Ban taɓa shi ba, ina dai share ƙurar da ke kai.

Asabar, 15 ga Fabrairu, da rana

Na kira. Wanka.

Litinin, 17 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na safe

Na yanke shawara. Yaya tana da isale a tukunya a bayan ɗakinta, na je na tsinko ɗaya tun ba ta tashi ba. Jibi zan tafi Muheza. Ganyen da ya ɗaure ni shi zai kwance ni, haka nake ta gaya wa kaina, har na ji wani ƙarfi ya zo mini na yi wanki.

Laraba, 19 ga Fabrairu, Muheza, bayan la'asar

Ban san jaki irina ba.

Na iso da rana tsaka da sukari da sabulu. Aika ta rugo ta cusa kai tsakanin gwiwoyina, ta yi baƙi, tana warin lemo. Maman Mboni ta karɓe ni da mutunci, ta sa aka kawo shinkafar kwakwa da kifi. Mboni ta fito daga baya. Ta rame. Ta gaishe ni kamar yadda ake gaida mijin maƙwabciya.

Da aka kwashe kwanuka na durƙusa a gabanta, a gaban mahaifiyarta, na fito da ganyen a ƙulle na miƙa da hannu biyu. A can gida da yanzu mata sun fara share hawaye. Mama ta leƙo ta ce, "Wannan kuma na mene ne, ɗana? Magani ne? Dafawa ake yi ko shafawa?"

Mboni ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun Disamba, amma ba irin wadda nake kewa ba ce. Ta ce, "Mama, ba mu wuri." Da tsohuwar ta ja Aika suka fita, sai ta ce, "Tashi, Baban Aika, kana ɓata wandonka. An ɗaure ka da ganye, shi ne ka zo ka ɗaure ni da shi? Mu nan ganye na akuya ne. Kana da baki, yi magana da shi."

Na ce ta yafe mini, Baba ne, ba yadda zan yi.

"Bar Baba a gefe. Tsoho ne, ya roƙi abin da yake so, bai ɓoye ba. Kai nake tambaya. Da babu ganye, da babu Baba, ina kake so mu zauna?"

Wata takwas muna yawo gida gida, ba ta taɓa yi mini wannan tambayar ba, ni ma ban taɓa yi wa kaina ba. Na buɗe baki in ce Goba, sai na ji na ce, "Gida." Na ce ina son in tashi da safe in ji ruwa yana bi ta gona. Na ce ina son Aika ta san sunan kowace irin ayaba. Na ce ba na son a bar shi shi kaɗai a can.

Sannan ta ce, "Yau ka yi mini gaskiya, na gode. To ga tawa. Wata bakwai na ɗauki yaron nan a cikina. Ban ji kukansa ba, ban ga fuskarsa ba, ina kwance kuka ɗauke shi kuka sa a ƙarƙashin ayaba kusa da mahaifiyarka. Taku goma ne daga ƙofar kicin, na ƙirga. Kai kana so ka zauna kusa da shi don ka samu sauƙi. Ni idan na zauna a wurin, kullum in fito zubar da ruwan wanke-wanke in gan shi, wallahi ba zan kai shekara ba. Aika kuma uwa take bukata mai rai."

Na ce to mu yi yaya?

"Ban sani ba. Ni dai ba zan hau dutsen nan da zama ba, kuma ba zan shiga gidan Goba da mutumin da rabinsa yake wani wuri yana jin haushina a ɓoye ba. Ka je ka gama da kanka. Inda ka tsaya ka gaya mini da baki."

An shimfiɗa mini a ɗakin ƙanenta. Ganyen na gan shi ɗazu a tsakar gida, akuya ta ɗan ci gefe ta bar shi.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, cikin mota, wajen garin Same

Ban koma Dar ba. Dutse na nufa.

Aika ta riƙe mini yatsa har bakin titi. Ta ce, "Baba, gidanmu mai rami fa?" Sai da na yi tunani kafin na gane ramin bulo take nufi. Na ce yana nan. Ta ce, "Kar a toshe."

Ina son wurare biyu, kuma mutum ɗaya ne ni. Amma tun daga Korogwe nake juya abu ɗaya a raina: kihamba ta yi shekara ɗari ba ni, ba ta mutu ba. Kwana ashirin da shida na yi babu su, ga yadda na koma.

Jumma'a, 21 ga Fabrairu, gida, da hantsi

Na same shi yana yanka wa saniya kututturen ayaba. Bai yi mamaki ba, ya ce, "Kai kaɗai?" Na ce ni kaɗai. Ya miƙo mini adda na ƙarasa yankan.

Komai yana nan yadda nake ganinsa in na rufe ido, har ya fi. Na sha ruwan magudana da tafin hannu, haƙorana suka yi zafi. Na je wurin da muka sa yaron. An share shi tas, an kewaye da ƙananan duwatsu, an dasa isale a wajen kai. Na zauna a ƙasa. Ban san tsawon lokacin da na yi ba.

Gobe zan yi magana. Yau ba zan iya ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu, da la'asar

Da safe na tsinki ganye a shinge na sa a aljihu. Idan na miƙa masa, dole ya karɓa, dole ya sake ni, ko yana so ko ba ya so. Muka zauna a kan benci a bakin ƙofa, idonsa ya sauka a kan aljihun.

Ya ce, "Fito da shi mana."

Na ce, "A'a, Baba. Da baki na zo."

Na gaya masa duka. Na ce na karɓi abin da ba ni kaɗai ke da ikon karɓa ba. Na ce Mboni ba za ta iya zama a nan ba, kuma ba raini ba ne, na faɗa masa taku goman da ta ƙirga. Na ce zan sayi gida a Goba, zan riƙa zuwa duk bayan wata biyu, Disamba kuma ko da rarrafe. Na ce idan ya ga dama ya riƙe ni da alkawarin, yana da gaskiya, kuma zan rayu da kunyar.

Saniya ta yi kuka sau biyu. Sannan ya ce, "A gidan nan ba a taɓa mayar da ganye ba."

Na ce na sani.

"Uwarka daga Rombo aka kawo ta, tafiyar rabin yini kawai, amma shekara biyu tana kuka a bayan ɗakin nan. Ban taɓa tambayarta dalili ba. Na ɗauka haka mata suke." Ya goge hannu a gwiwa. "Ina ka ajiye wanda na ba ka?"

Na ce yana Dar, cikin Littafi.

"Bar shi a ciki. Ban karɓe ba, ban kuma ce ka cika ba. Kihamba ba ta gaggawa, za ta jira ka, a tsaye ko a kwance. Ni ne dai ba zan jira ba."

Na kasa ɗaga kai. Ya tashi da ƙyar, ya dafa kafaɗata don ya miƙe, ya ɗauki tsintsiyarsa da ke jingine a bango.

Ya ce, "Je ka ɗauko iyalinka. Yaron ka bar mini shi, ni zan kula da shi har in je in same shi."

Lahadi, 23 ga Fabrairu, tashar Himo, ƙarfe tara na safe

Ya rako ni har bakin shinge, bai wuce nan ba. Da na waiwaya daga kwana yana nan tsaye, ya yi ƙanƙanta a cikin ayaba. Na samu abin da na zo nema, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na yau ba.

Na kira. Ita ta ɗauka.

Na ce, "Maman Aika, Goba. Da bakina na gaya masa, da bakina nake gaya miki. Zan yi kewar can har in mutu, ba zan ɓoye miki ba, amma ba zan ɗora miki ba."

Ina jin numfashinta. Ta ce, "Ka je wurinsa?"

"Na je."

"Ciyawa ta rufe shi?"

"A'a. Baba yana sharewa kullum da safe."

Sai na ji ta ja hanci, ta ce, "Ka kira Kibwana yau, kar malamin nan ya riga mu. Laraba za mu taho. Ka zo tasha da wuri, keken yana da nauyi."